Minti huɗun da suka yanke

Sallar asuba kawai muka yi muka bar unguwarmu Manfuha. Tafiyar ta mu uku ce: ni, da maƙwabcina direba mutumin Maraɗi, da wani nas ɗan Kano da muka ɗauka a unguwar Nasim. Garin Harj muka nufa sayen dabino. Sau uku na laluba aljihu don in tabbatar iƙamata, takardar izinin zama, tana nan, har direban ya ce ko in rataya ta a wuya.

Hanyar shimfiɗe take, ba rami ko ɗaya, sai manyan motoci. A wani gidan mai muka karya da burodin tamis da waken ful, shayi riyal biyu, sukari kamar an yi ɓari.

Daga nan na kunna abin da na saya. Akwai wasu 'yan gita na arewacin ƙasarmu, masu kiɗan rok irin na sahara, da suka fara sayar da rikodin wasanninsu ta intanet. Na sayi na wasan Damagaram, wanda muka je da marigayi yayana ina ɗalibi. Ranar ya yi liƙi, mawaƙin ya tsayar da kiɗa ya kira sunansa da na mahaifinmu, fili ya ɗauki tafi.

Musu ya tashi. Direban yana ganin waƙar da aka riga aka biya kuɗin ƙofa ba ta sake sayuwa, a gida da waya ake tura wa juna. Nas ɗin ya ce masu gita ma suna cin tuwo. Ni dai na fi karkata ga nas, ko da yake ban cika tabbata ba. Shi ya sa ma da na biya, na goge tsohon rikodin da wani ya ɗauka da waya, mai iska da hayaniya, don ina tsoron haƙƙi.

Sautin ya fita tas. Waƙa ta biyar ta ƙare, na kasa kunne ina jiran sunan yayana. Sai ta shida ta fara. Sun yanke kiran sunaye duka, kusan minti huɗu.

Direban ya rage gudu. "Ƙanena, tsohon rikodin yana wajen wa kuma?"

Na ce ban sani ba.

A Harj dabino ya yi araha, mun cika but ɗin motar. Na ɗanɗana kala uku, ban bambance su ba. Muka ci shinkafar kabsa a ƙasa, ba wanda ya koma kan musun.

Kafin la'asar dogayen benayen unguwar Ulaya suka bayyana, mun kusa gida. Har yanzu ina jin masu gitar suna da ikon sayar da wasansu, wataƙila ma sun kyauta. Sai dai su kiɗan suke ganin shi ne wasan, mu kuwa da muka tsaya a fili, a wurinmu wasan har da mu. Ina shiga ɗaki na fara kiran abokan yayana ɗaya bayan ɗaya. Na huɗu ya ce akwai wata tsohuwar waya a akwatin matarsa, wataƙila rikodin yana ciki, amma sai an samo mata batir.