Teburin Iya Mai Shara

Shekara ashirin da biyu Iya ta yi tana share makarantarmu kafin wani ya ce mata ga kujera, zauna. Ni na same ta a nan, Hedimasta ma ya same ta, haka wanda ya gada. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, tsintsiya ta lanƙwasa mata baya har ya zama in za ta dube ka sai ta karkata kai gefe. Mijinta ya rasu 'ya'yanta uku suna ƙanana, da wannan tsintsiyar ta rene su. Matan biyu sun yi aure, namijin yana tuƙa babbar mota, yakan leƙo gida sau ɗaya a wata. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma babu ajin da ba ta san ƙarƙashin bencinsa ba.

Ni lissafi nake koyarwa, kuma Allah Ya haɗa ni da darasin farko kwana huɗu a mako. Daga nan laifina ya samo asali.

A zangon da aka soki wani yaro da wuƙa a wata makaranta can gefen gari, hankalin iyaye ya tashi, aka ce kowace makaranta ta sa na'urar bincike a bakin ƙofa. Ranar Litinin muka tarar da tamu a tsaye, ƙofa ce ba bango ba ƙyaure, kuma ba ta iya riƙe sirri ko na minti ɗaya. Kafin a tashi yara sun raɗa mata suna Magulmaciya. Ta yi ƙara a kan makulli, ta yi a kan cokali, ta yi a kan gwangwanin kayan lissafi da ni da bakina na ce duk wanda bai zo da shi ba zai gamu da ni. Sai aka tsara cewa yaro ya ajiye jakarsa a tebur, shi ya bi ta cikin Magulmaciya, wani kuma ya binciki jakar da hannu. Kamfanin tsaro ya turo maza biyu da ogansu, wani siririn mutum mai rataye da agogo a wuya irin na malamin wasanni. Muka sa masa Mai Agogo. Mace ce ba su turo ba, iyaye kuwa suka ce ba namijin da zai sa hannu a jakar 'ya'yansu mata. Hedimasta ya duba hagu ya duba dama, ya hango Iya tana kwashe ganye.

Aka ba ta riga mai ruwan toka da tebur da kujera mai jingina, aka raba shararta ga abokan aikinta biyu. In an gama binciken safe, sai ta zauna a ƙofa tana duba baƙi mata har a tashi. Likita ya daɗe da gaya mata ta bar sunkuyo, ita kuma takan ce to ya gaya wa ganyen bishiya su bar zuba. A makon farko ta tare ni tana dariya.

"Malama, ashe haka zama yake? Kwana uku ke nan ban shafa magani a bayan nan ba."

Na taya ta murna, kuma har zuciyata na yi.

Ba a jima ba murnar tawa ta fara tsami. Layin maza yakan ƙare takwas saura biyar. Layin mata kuwa sai ya miƙe ya bi jikin katanga, ya wuce shagon mai faci, ƙararrawa ta kaɗa yana nan, sai takwas da ashirin ta ƙarshe take shiga. Ina tsaye gaban allo da alli a hannu, rabin benci babu kowa. In na fara, in sake farawa idan sun shigo. In na jira, mazan su mayar mini da aji kasuwa. Iyaye masu sauke yara a mota suna ta hon a titi, masu zuwa a ƙafa suna tsaye cikin rana tun ba su karya ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mazan kamfani zazzage jaka suke yi a tebur, su watsa ido, su ture kayan gefe, yaro ya kwashi abinsa. Iya ba ta zazzagewa. Takan ɗora jakar a cinya, ta zuge zif ɗin rabi, ta zura hannu har gwiwar hannu, idonta a fuskar yarinyar, tana tambayar ta ya jikin kakarta. Yatsunta su bi ƙasan jakar, su bi kowane aljihu, sannan ta rufe ta miƙa mata da hannu biyu.

Na same ta wata rana bayan layi ya watse.

"Iya, don Allah ki riƙa juye musu kawai kamar yadda ake yi wa maza. Darasina yana mutuwa."

Ta karkata kai ta dube ni. "Malama, kin san abin da ke cikin jakar 'ya mace?"

"Littattafai mana."

"Akwai littattafai. Akwai kuma wadda tsumma ne a ƙulle cikin leda, don gidansu ba a iya sayen auduga. Akwai mai ɗauko kwanon abinci kullum, an rufe shi ram, ba ko ƙwaya a ciki, don kada ƙawayenta su gane. Akwai mai littafi ɗaya da ta raba wa darasi shida. Wannan zan baje a tebur, ga layin maza can suna miƙa wuya? Ki bar ni da hannuna. Shekara ashirin ina tsintar allura a cikin shara, ƙarfe ba zai wuce ni ba."

Na ji kunya, amma kunyar ba ta kai washegari ba. Jarrabawar ƙarshe tana matsowa, ga babi huɗu ban taɓa ba. A taron malamai na miƙe na yi abin da na fi iyawa: minti ashirin sau huɗu, sau makonnin zango, na ce ga awannin da muke zubarwa a bakin ƙofa. Ban ambaci sunan kowa ba, ba a kuma bukaci in ambata ba. Hedimasta ya yanke cewa zuwa ƙarshen wata, in layin mata bai riƙa ƙarewa kafin takwas ba, kamfani zai kawo macensa, Iya ta koma tsintsiya.

Da aka gaya mata ba ta yi musu ba, ba ta kuma fara zazzagewa ba. Sai ta koma zuwa shida da rabi, ta shimfiɗa teburinta tun Mai Agogo bai iso ba. Ta bi 'yan matan ɗaya bayan ɗaya tana lallashi. "'Yata, ki taimaki tsohuwa, ki fito da wuri." Ta koya musu su zuge zif tun suna layi, su riƙe makulli da gwangwani a hannu. Ta rage tambayar kakanni, ko da yake ba ta iya dainawa duka ba. A mako na biyu layin ya ƙare takwas da minti biyu, washegari takwas daidai. Mai Agogo da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba har ya ɗaga mata babban yatsa.

Sai ga shi a mako na uku, matar da ba ta taɓa makara ba cikin shekara ashirin da biyu ta fara isowa bakwai da kwata. Tana zuwa tana haki, rigar ta jiƙe a baya, 'yan matan da ta roƙa su fito da wuri suna jingine da katanga suna jiran ta. Layi ya koma takwas da ashirin da biyar. Hedimasta ya kira ta ofis.

"Iya, lafiya? Ko jikin ne?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Hanya ce ta yi mini nisa."

"Kin tashi daga gidanki ne?"

"Ina nan inda nake."

Abin da aka samu a bakinta ke nan. Haushi ya kama ni, har na ce a ɗakin malamai ai daɗin kujera ne ya ratsa ta. Aka yi dariya. Wannan maganar tana cikin abubuwan da nake roƙon Allah Ya yafe mini.

Wata ya ƙare, kamfani ya kawo wata mata mai safar hannu. Ba muguwa ba ce, abin da aka koya mata take yi: ta juye, ta duba, ta ture. Layin mata ya riƙa ƙarewa takwas saura goma. Na sami minti arba'in ɗina cif. Iya ta mayar da riga mai ruwan toka a wanke a goge, ta ɗauki tsintsiyarta.

Bayan mako biyu aka rufe babban titi don gyaran kwalbati, na zaga da motata ta bayan unguwa, inda wani dogon gini yake da aka fara aka watsar, ciyawa ta cinye shi. A nan na hango Iya tana tafe, sunkuye kamar kullum, a gefenta wata ɗalibata. Yarinyar ita ce ta fi kowa lissafi a ajina, har yara suna ce mata Kalkuleta, marar magana, mai zama a bencin gaba. Gidan Iya yana gabas da makaranta, wannan hanyar kuwa yamma ce. Na tsaya na ɗauke su. Muka gaisa, na kai su har ƙofar makaranta.

Da aka fita tara na bi Iya ɗan ɗakin da ake ajiye tsintsiya da bokiti. Na ce ba zan fita ba sai ta gaya mini. Ta leƙa waje, ta turo ƙofa.

Ta ce ranar Litinin ta mako na uku, hannunta ya taɓa wuƙa a ƙasan jakar Kalkuleta, 'yar ƙarama ta yankan albasa, an naɗe ta cikin safa. Dokar a rubuce take a jikin ƙofa: duk wanda aka kama da makami, kora ce, a kuma kira 'yan sanda. Ba wanda ya gani sai yatsunta. Ta ce wa yarinyar zif ɗinta ya lalace, ta bar jakar ta dawo anjima. Da ta dawo, ta zaunar da ita a bayan tebur, sai yarinyar ta fashe da kuka. Wani mutum ne yake tsayawa a wancan ginin kowace safiya, yana bin ta, ranar Alhamis har ya kama mata hannu ta fizge. Uwarta tana aiki a asibiti, tana fita tun asuba, uban ba ya raye. Yarinyar ta ƙi faɗa a gida don tsoron kada kawunta ya ce ta haƙura da makarantar.

"Na je na sami uwar da yamma, na mayar mata da wuƙarta," in ji Iya. "Mun gaya wa masu shagunan bakin hanya su sa ido. Amma kin san mutane, yau su duba, gobe su manta. Na ce zan riƙa biyo mata har a sauya wa uwar lokacin aiki. Yarinyar ba ta iya fita sai ta shirya ƙannenta. Shi ya sa."

Na san abin da za a ce, ni ma na faɗa wa kaina. An sa na'urar ne don kada wuƙa ta shiga, kuma in kowa zai riƙa zaɓar wadda zai ɓoye, dokar ta tashi a banza. Amma wuƙar ba ta shiga aji ba, yarinyar kuma ba ta fita ba. Na juya lissafin ta kowace fuska, ban sami inda Iya ta faɗi ba.

"Me ya hana ki gaya wa Hedimasta? Ai da ya ɗaga miki ƙafa."

"Zai ce me ya sa ita kaɗai nake rakowa. In na faɗa, ya ce yaya aka yi na sani. Ni ban iya ƙarya ba, Malama. Shiru na iya."

"Iya, ni ce na kai ƙarar layinki."

"Na sani. Ai teburina yana kusa da ɗakin taron, taga a buɗe take." Ta yi 'yar dariya. "Aikinki kika yi. Yaran nan suna bukatar lissafin ma."

Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Na ce daga gobe ni zan riƙa ɗauko Kalkuleta a mota, har ta gama jarrabawa.

"Allah Ya yi miki albarka. Bakwai saura ashirin za ki je. Kada ki yi hon, maƙwabtansu suna da baki."

"To ke kuma sai ki koma zuwa da wuri. Ni zan je in roƙi Hedimasta ya mayar miki da teburinki."

Ta gyara ɗaurin tsintsiyar da ke hannunta.

"An riga an ba wata, Malama. Ita ma tana da baya, tana da 'ya'ya. Ki dai gaya mata a hankali ta riƙa juya wa layin maza baya in za ta zazzage. Ke za ta ji maganarki."

Ƙararrawar komawa aji ta kaɗa. Na juya zan fita. Iya ta dafa bango ta sunkuya, ta ce in ɗan ɗaga ƙafata, na taka mata shara.