Madubin Malam Ɗantsoho

Kafin masu shayin bakin tashar Rano su gama hura wuta, Malam Ɗantsoho ya iso. A ƙafa yake zuwa, jakar fata a rataye, hula a karkace kamar kullum. Ya buɗe shago, ya yayyafa ruwa ya share, ya jawo kujerar katako ya ajiye ta daidai inda ƙafafunta suka riga suka yi rami a siminti. Ya saki shuɗin labulen nan mai zanen bishiyar dabino da jirgin sama. Sai ya ɗauko wani ɗan madubi da bai fi tafin hannu ba, ya huce shi da baki, ya goge da gefen riga, ya ɗaure shi da zare a saman idon kyamara. Daga nan ya leƙo waje.

"Yaya Laraba, an tashi lafiya? Yau ma ƙuli-ƙulin na karya haƙori ne?"

"Wanda ba shi da haƙori ai ba ya cikin lissafina."

Ni ce Laraba. Daura da shagonsa nake zama da farantina tun ina iya ɗaukar buhun gyaɗa ni kaɗai. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a tausasa mini ko kalma ɗaya. Malam Ɗantsoho zai rufe shago ya koma garinsu Kibiya bayan babbar salla, domin ido ya fara gajiya. Akwai maganar da ban yarda ya tafi da ita a wuyansa ba.

Yaran yanzu ba su san abin da hoto yake ba. Da mulkin farar hula ya dawo, aka kuma ƙaddamar da shari'a, sai komai ya koma sai da fasfo: katin zaɓe, katin ɗan ƙasa, makarantar matan aure, kujerar Makka. Matan da ba su taɓa tsayawa gaban wani namiji ba bayan mazansu, sai ga su ana cewa su ɗaga kai su zuba wa mai hoto ido. Ina za su iya? Mace ta zauna, ta sunkuyar da kai, a ce ɗago, ta ɗago haɓa amma ido na ƙasa. Wasu masu hoton sai tsawa, wasu har su kai hannu su gyara mata mayafi. Ta fito a hoto kamar wadda aka kama da kayan sata.

Malam Ɗantsoho bai taɓa ce wa mace ta yi murmushi ba, bai kuma taɓa kai hannu ko ga gefen mayafinta ba. Na tuna ranar da aka kawo Inna Dije daga Madachi. Ɗanta ya biya mata Makka, an yi ta ɗaukarta hoto a Kano ana dawo da shi, wai ba a ganin ƙwayar idonta. Ta iso ranta a ɓace, tana cewa in dai sai ta ƙura wa ƙato ido za ta je, to Allah Ya san niyyarta.

Ya ce, "Inna, yau ba ni za ki kalla ba."

"To wa zan kalla, ɗan nan?"

"Akwai wata tsohuwa a cikin madubin can, hijabinta ya karkace. Ki taimaka mata."

"Ja'iri! Ni ce tsohuwar?"

Kafin ta rufe baki ya juya mata baya, ya zauna a kan benci yana kallon titi, wata doguwar igiya mai maɓalli da ta taho daga kyamarar tana hannunsa. Ya shiga tambayar ɗanta labarin damina, ko dawar Madachi ta yi kyau bana. Inna Dije ta ga babu mai kallonta sai kanta. Ta gyara hijabi, ta shafa gira, awarwaronta na ta ƙara. Can sai suka yi shiru. Wuta ta walƙa. Da hoton ya fito, idon nan tar, har da ɗan guntun murmushin wadda ta gamsu da abin da ta gani. Da shi ta je ta dawo.

Na taɓa tambayarsa yadda yake sanin lokacin dannawa alhali ƙeyarsa ce ke kallon mutum. Ya ce, "Kunne ne, Yaya. Mace in ta gama gyarawa awarwaro kan yi shiru. In ba ta da su, zani kan daina motsi. Wannan shirun nake jira."

Maza kuwa matsalarsu daban. Su da sun zauna sai su sandare kamar sabon ɗan sanda. Sai ya tambayi manomi sunan sansa na huɗa, ya bar Bafillace ya riƙe sandarsa, ya ce wa direba, "Wai gaskiya ne mota ta fi ƙarfinka a hawan dutsen can?" Mutum na buɗe baki zai kare kansa, kafaɗa ta sauka, an gama. Ranar salla layi har bakin farantina, 'yan mata da lalle, yara da tabarau na roba, kowa na so ya tsaya a ƙarƙashin jirgin nan na labule. Rano ta yi daɗi a lokacin, wallahi.

Sauran masu hoto kan manna hotunan mutane a allo a ƙofar shago don talla. A allonsa babu fuskar mace ko ɗaya. Fim ɗin mata ba ya ba direba saƙonsa, da kansa yake shiga mota ya kai Kano a wanke, ya tsaya a kai. In mace ta zo karɓa, ya yanko nata fim ɗin da almakashi ya haɗa mata a ambulan. Ba ya ajiye komai na kowa.

Wannan mutumin aka yi wa abin da zan faɗa.

Shekarun da waya mai kyamara ta fara shigowa, aka wayi gari wani hoto na yawo a tasha, daga wannan waya zuwa waccan. Hoton Amatullahi ne, matar Alhaji Haliru mai motocin haya. Babu mayafi, babu ɗankwali, sabon kitso, tana dariya. A bayanta kuwa ga dabino, ga jirgin sama. Babu wanda bai san labulen ba a Rano.

Kafin azahar mutane sun cika ƙofar shagon. Shitu, wanda ke shugabantar direbobin tasha a lokacin, shi ne a gaba. Da kunnena na ji shi.

"Ashe juya bayan nan duk yaudara ce! Matan mutane kake sa wa su tuɓe mayafi!"

Aka fasa gilashin allo, aka yi jifa da benci tsakiyar titi. Alhaji Haliru na tsaye can gefe, bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. Malam Ɗantsoho ya tsaya a bakin ƙofa, abin da kawai ya ce shi ne, "Ban ɗauki wannan hoton ba." Aka ce to wa ya ɗauka? Ya ƙi faɗa.

Ni kuwa na san wani abu. Kwanaki kaɗan kafin nan an yi suna a gidan Alhaji Haliru, kuma da idona na ga an naɗe labulen an sa a motar Alhajin, aro, don mata su yi kwalliya a gabansa a cikin gida. Na miƙe zan faɗa, na ture farantina ma. Malam Ɗantsoho ya dube ni ya girgiza kai. Da jama'a suka watse ya zo ya durƙusa a gabana yana tsince mini ƙuli-ƙulin da ya zube.

"Yaya Laraba, na haɗa ki da Allah."

"Ka haɗa ni da Allah a kan me? Su kashe ka kana kallo?"

"In na ce a gidansu aka ɗauka, sai a fara tambayar wa ya shiga gidan. Kin san inda maganar za ta tsaya, a kanta za ta tsaya. Kuma duk ranar da na buɗe baki, sai an sake buɗe hoton a kalla. In na yi shiru, za su gaji su goge."

"Kai kuma fa?"

"Ni ai namiji ne, zan iya fita da nawa tabon. Ita ina za ta da shi?"

Na riƙe maganar, amma ban yafe musu ba, har yau. Gaskiyarsa ta fito ta wani ɓangaren: zancen ya mutu, Amatullahi ta zauna a ɗakinta, ta aurar da 'ya'yanta. Amma shi fa? Maza suka hana matansu zuwa. Wanda da yake gaishe shi tun daga nesa ya koma ɗauke kai. Layin salla ya ɓace tun kafin wayoyi su ƙarasa kashe sana'ar. Wasu matan kan zo a ɓoye su tsaya wajena su ce in roƙe shi. Ya ce a'a, kowace ta je ta zo da iznin mijinta, ba zai ƙara wa wata wahala ba. Duk da haka kowace safiya sai ya goge madubin nan ya ɗaure, ko da babu macen da za ta duba shi har rana ta faɗi.

Bana Alhaji Haliru ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Da Amatullahi ta fita takaba, ranar kasuwa da hantsi, tasha cike, sai ga ta da babban ɗanta. Ba ta shiga shagon ba. A bakin ƙofa ta tsaya, daidai inda aka fasa gilashi, ta ɗaga murya yadda masu lodi ma suka waiwayo.

"Malam, saƙon mamaci na kawo. Alhaji ne ya ɗauke ni hoton nan da sabuwar wayarsa, a ɗakina, ranar suna. Ya kai wayar wurin caji a tasha, a can aka kwashe. Ya gane tun ranar da aka taru a nan, kunya ta hana shi faɗa, ni kuma ya hana ni. Da ciwo ya tsananta ya ce in zo in nema masa gafararka a gaban mutane. Ni ma ina neman tawa."

Shitu na wurin, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya ce, "Ai mu ba mu sani ba."

Na ce, "Kun tambaya? Da za ku jefa benci titi, sani kuka jira?"

Ya sulale.

Malam Ɗantsoho ya matso bakin ƙofa. Sannan ya ce, "Na yafe masa tun kafin a share gilashin. Allah Ya yafe mana baki ɗaya." Ni dai na ce a raina, kai ka iya.

Amatullahi ta ce tana son fasfo, za ta Umara. Ta shiga ta zauna a kujerar, ɗanta na tsaye a gefe. Malam ya daidaita kyamara, ya ɗauki igiyarsa, ya juya baya kamar yadda ya saba. Na kasa kunne ina jiran awarwaro su yi shiru. Sai na ji ta ce:

"Malam, kwance madubin nan. Ka juyo. Na daɗe ina sunkuyar da kai in na hango ka a hanya. Yau kai zan kalla."

Ya juyo. Zaren ya ƙi kwantuwa, sai da ɗan ya taimaka masa. Ya ce, "To Hajiya, in hoton ya ɓaci kada a ce ban iya aiki ba. Ban saba ba." Ta yi dariya, hawaye na zuba, ya jira ta share, ya danna.

Malam Ɗantsoho, kai ne ka san kunyar iyayenmu mata ba cuta ba ce da za a yi wa tsawa, ka nemo mata hanya. Kai ne ka ɗauki tabon da ba naka ba ka yi shekaru da shi don wata ta zauna lafiya a ɗakinta. A akwatunan Rano da Saji da Madachi, ƙarƙashin zannuwan da aka adana, akwai fuskokin iyayen da suka riga mu gidan gaskiya, suna kallonmu ido cikin ido, cikin natsuwa. Ba don kai ba da tsakiyar kansu kawai jikoki za su gani. Mai kunne, mai riƙon amana, mun gode. Allah Ya ƙara wa idonka haske, Ya sa ka huta a Kibiya cikin mutunci.

Ku kuma masu yawo da kyamara a aljihu, kuna ɗaukar duk wanda ya gifta ba sallama, ku je ku zauna da shi kafin ya tafi. Ku tambaye shi yadda ake jira mutum ya shirya, da yadda ake mayar masa da abinsa.

Saura ku, Shitu da duk wanda ya tsaya a ƙofar nan ranar. Ya yafe, na ji. Amma a tsakiyar tasha kuka ɓata shi, da rana tsaka, da murya sama. Mace ɗaya ta zo ta faɗi nata a wurin. Ku ma a nan nake jiranku, kafin a ɗora kujerar nan da labulen a motar Kibiya. Farantina na daura da ƙofar, kuma kunnena ƙalau.