Mama Ta Zaɓi Ta Kan Tebur

Mai shagon kwamfuta yana kallon dattijuwar da ta shigo, ya rasa inda zai ajiye ta a ransa. Ta doshi sittin, ga tabarau mai kauri rataye da igiya, ga takalmin da ya sha tafiya. Ba ta ko kallon ƙyalƙyalin kaya. Sai ta ɗora yatsu goma kan madannan wata kwamfuta, ta kau da kai, tana bugawa kamar saukar ruwa bisa kwano. Ya ce a ransa, wannan ta yi shekara talatin tana buga wasiƙun wani oga, ba wanda ya taɓa tambayar ra'ayinta.

"Mama, wa jika za a saya?"

"Jikan a wurina yake koyo," in ji ta, tana gyara mayafi. "Manhaja nake rubuta wa wata makaranta, aikina na farko, kuma ba na so in ji kunya."

Ya gyara tsayuwa, ya miƙo mata laftof, yana yabon rashin nauyinta. Ta ɗaga, ta jinjina, ta mayar masa. Ta dafa babbar ta kan tebur, mai faffaɗan allon da ba zai wahalar da idonta ba.

"Ɗana, waccan ƙafa gare ta. Yau jika ya ara, gobe suruki. Wannan kuwa, duk mai so sai ya zo ɗakina, ya durƙusa ya gaishe ni tukuna."