Haƙorana a Allon Kawu

Jiya na wuce inda ake yi wa wata babbar mota fenti a tashar Illela, warin ya kama ni, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Wan mahaifiyata ne, mai zanen alluna. Ya koyi zanen barkwanci daga wani tsohon littafin ɗan ƙasar Holan da ya samo a Ƙonni. Kafin ya ja layi sai ya lashi bakin buroshi ya ce, "Kowace fuska da abin dariyarta."

Ina amarya ya kira ni zaurensa, wai zai zana ni kyauta. Na sha kwalli na zauna kan tabarma, kananzir ɗin wanke buroshinsa na yi mini yaji a ido.

"Yi murmushi, ɗiyata," ya ce.

Na yi, duk da na san haƙorana na gaba sun fito waje.

Ranar kasuwa na ga fuskata a allon mai cire haƙori, haƙoran kamar na jaki. 'Yan canji da 'yan kabu-kabu suna nuna ni suna shewa. Mijina ya sunkuyar da kai ya yi gaba ya bar ni. Na koma zauren ina kuka.

"Kawu, mi na yi maka?"

Bai ko ɗago ba. "Sun gane ki? To, hannuna bai mutu ba."

Har yau ba na dariya sai na rufe baki da gyale.

Allah ya jiƙansa, ya rufa masa asirin da shi bai rufa mini ba.