Ranar da Aka Karɓe Alli Daga Hannun Yayana

Shekara ashirin da ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Umaru, kuma har yau in na ji malami ya kira yaro daƙiƙi sai in tuna da shi.

Mu 'ya'yan mahauta ne a birnin Sakkwato. Shi ne na farko a gidanmu da ya zama malamin elementare, 'yan shekaru kafin samun 'yancin kai, ni kuma aka sa ni ajinsa. A gida Yaya nake ce masa, a makaranta Malam. A lokacin bai yarda akwai yaron da kansa ba ya ja ba. Abokin zamana Sa'idu, ɗan wani dillalin shanu, yana da in'ina. Yaya yakan tsaya ya jira shi har ya gama magana, sannan ya ce, "Ku dube shi da kyau, wanga yaro alƙali za shi zama." Har Sa'idu ya fara ɗaga hannu da kansa.

Wata safiya Baturen da ke duba makarantu ya zo, ya zauna a bayan aji, Yaya na koya mana Turanci. Can sai Baturen ya miƙe, ya karɓe allin daga hannun Yaya, ya sa shi maimaita wata kalma sau uku a gabanmu yana girgiza kai. Da za su fita, hedimasta ya ce da Hausa, yadda kowa zai ji, "Sai haƙuri, ɗan mahauci ne." Yara suka yi dariya. Ni ma na yi. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau.

Daga ranar Yaya ya zama wani mutum. Ya daina kallon fuskokinmu, ya samo bulala. Yaran da yake yabo jiya, su ne yanzu ba su san komai ba. Rannan magana ta sarƙe wa Sa'idu, sai Yaya ya daka masa tsawa: "Zauna, daƙiƙi! Ka koma kasuwar shanu, can ka dace." Sa'idu ya ɗauki allonsa ya fita, bai sake dawowa ba. Ranar bikin 'yanci muna maci da tutoci, na ji Yaya yana ce wa mahaifinmu, "Baba, ɗiyan ga za su riƙe ƙasa?" Baturen ya koma garinsu, amma Yaya ya yi shekara talatin yana koyarwa da wannan ciwo.

Da tsufa ya kama shi a gidansa na Gawon Nama, ya ce in kai shi wurin Sa'idu. Muka tafi kasuwar, aka ce mana Sa'idu ya rasu tun bara. Yaya ya dafa kafaɗata. "Lawali," ya ce, "yaron nan ba shi da laifin komi. Kaina na raina, sai na raina kowa."

Yanzu jikata tana makaranta a Mabera. Malaminsu, in ji ta, yakan ce shi tsautsayi ne ya kawo shi koyarwa, su kuma ba mai zama komai a cikinsu. Da Yaya na raye, ba na jin zai yi wa malamin nan faɗa. Zai zaunar da shi ya tambaye shi wa ya ci masa mutunci, kuma a gaban wa.

Ranar jana'izar Yaya, ɗalibansa na shekarun farko sun zo suna kuka, suna cewa ba su taɓa ganin malami kamarsa ba. Na baya suka yi gaisuwa kawai, ba yabo, suka tafi. Dukkansu suna da gaskiya, kuma dukkansu ɗaliban da Yaya ya bari ne. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan Sa'idu, Ya ba su zaman da bai yiwu a duniya ba.