Farantin Sola Zuwa Kucheri, Biko Zuwa Bungudu

Gusau

Ina idar da sallar asuba na ɗaure kwalina da igiya, maigidana ya ɗora ni a babur ya kai ni tashar motocin Tsafe. Gari bai waye ba, amma duk mai bin wannan hanya ya san ƙa'ida: a zo da wuri a kama kujera, a jira haske ya bayyana sannan mota ta tashi. Na sayi ƙosai da kunu a wajen wata mata da ke bakin ƙofar tasha, na zauna a kan kwalin ina karyawa.

Sana'ata haɗa sola. A wajen yayana na koya, kuma abin da ya buɗe mini kasuwa shi ne gidajen da namiji baƙo ba ya shiga. Ni ke hawa tsani in kafa faranti a kan rufi, in sauko in sha fura da matan gida. A cikin kwalin nan akwai ƙaramin faranti, da batir, da ƙwai biyu na haske, da wayoyin caji.

Inna Hajo ce ta kira ni. Ƙanwar mahaifiyata ce, ita ce ungozomar da rabin yaran Kucheri suka faɗo a hannunta. Abin da ya ɗaga mini hankali shi ne ba ta waya ta kira ni ba. Wani direba ta aiko har shagona, ya ce Inna ta ce in zo, wayarta ta ci amanarta. Na gwada layinta ya fi a ƙirga, a kashe.

Hanyar Tsafe

Mu shida muka shiga ƙaramar motar haya, kwalina a but. Direban dattijo ne mai suna Malam Bawa, kuma sai da ya caje ni kuɗin kaya kamar na rabin mutum. Na ce masa faranti ba ya cin abinci, ya ce amma yana cin wuri. Na biya.

Ƙarshen damina ne, an yanke gero, dawa na tsaye ta fi mutum tsawo a dama da hagu. Muka wuce mararrabar Mada, dutsen Kwatarkwashi ya taso mana da hazo a kansa. Ba mai magana sosai a mota. Wata mata a gefena tana jan carbi, wani ɗan kasuwa a gaba yana duba waya yana mayarwa aljihu.

A shingen jami'an tsaro na biyu aka ce a buɗe but. Jami'in ya ga faranti ya kira ni gefe, ya tambayi inda zan kai shi. Ban ga laifinsa ba, domin kowa ya san mutanen daji ma da irinsa suke cajin wayoyinsu. Na faɗa masa sunan gari da na Inna, na nuna masa katin shagona. Ya ce yana son ganin wayata.

"Zan buɗe maka, ranka ya daɗe," na ce, "amma a hannuna. Ka faɗi abin da kake son gani in nuna maka. Akwai hotunan matan mutane a cikin gidajensu, amana ce."

Ya ce in nuna masa hotunan aikina. Na nuna masa rufin gidaje da batura. Ya tambaye ni ko irin wannan ƙaramin zai iya ɗaukar fanka, don zafi na damun su a ɗakin kwanon da suke kwana. Na ce ƙaramar fanka zai ɗauka, babba kuwa sai an ƙara faranti. Ya ɗaga mana sanda muka wuce. Malam Bawa ya ce shi da a ce an tambaye shi waya, miƙawa zai yi ya haɗa da hula.

Hantsi ya yi muka shiga Tsafe. Na sayi hoce mai zafi, irin gasasshiyar wainar dawar nan, da ƙuli-ƙuli na tsaraba, na canja zuwa wata motar da ke bin hanyar Funtua. Tafiyar ba nisa, kafin in gama gyara zama an ce Kucheri.

Kucheri

Na samu Inna a tsakar gida tana sheƙa gero. Ta rame. Da muka gaisa ta shiga ɗaki ta ciro wayar daga ƙasan tukunya, a naɗe cikin tsumma, ta ajiye a gabana kamar mai ajiye kunama.

Ga abin da ya faru, kuma sunayen ma'auratan da zan ambata ba nasu ba ne. Matan gari suna aiko wa Inna saƙon murya a kan abin da ba sa iya faɗa wa kowa: jinin da ya ƙi tsayawa, cikin da ya zube, ciwon da ake jin kunyar ambata. Inna ba ta karatun boko, amma ta iya danna saƙo ta saurara ta mayar da amsa. Wutar lantarki kuwa garin ya manta da ita, don haka duk kwana biyu takan aika da wayar shagon caji a bakin kasuwa, inda janareta ke kuka tun safe, maza na zaune a benci. Wayar ba ta da makulli. Mai shagon ma ya fi son haka, domin yana zuba wa mutane waƙoƙi da wa'azi.

Wata mata, in kira ta Zulai, ta shekara bakwai da aure ba haihuwa. Ita da mijinta Sani suka je asibiti a ɓoye. Da suka dawo ta aiko wa Inna saƙo tana kuka, ta ce likita ya ce matsalar daga wajen mijin take, tana neman shawarar yadda za ta lallashe shi ya koma a yi masa magani. Ba a yi mako ba wannan saƙo ya zagaya gari da muryarta. Sani ya ji shi a majalisa daga wayar wani. Ya dawo gida ya ce ita ta tona masa asiri, ta rantse, ya ƙi saurara. Ta kwashe kayanta ta tafi gidan iyayenta a Bungudu. Matan gari kuma suka ɗauke ƙafa daga gidan Inna. Har wata ta yi doguwar naƙuda ba a kira Inna ba, sai da aka ɗauke ta a mota zuwa Tsafe.

"Shekara talatin ina riƙon asirin matan garin ga," in ji Inna. "Ko uwakki ba ta taɓa jin ɗaya a bakina ba. Yau ƙarfe ya maishe ni mai tsegumi."

Na ce mata ba ƙarfen ba ne, hannun da ya riƙe shi ne, kuma za mu gani. Na hau tsani na kafa faranti a kan rufin ɗakinta yana fuskantar kudu, na ja waya zuwa batir, na rataye ƙwai ɗaya a ɗaki, ɗaya a rumfar da take duba mata. Rana ta Kucheri ba ta rowa. Kafin azahar wayar ta farfaɗo.

Na buɗe saƙonnin. Wanda ya yi aikin bai ma damu ya share sawunsa ba. Ga saƙon Zulai, ga alamar an tura shi zuwa wata lamba da Inna ba ta sani ba, a ranar kasuwa, ranar da wayar ta wuni a shago. Na kuma tarar da tarkacen manhajoji da aka zuba mata, har da wata ta tocila wadda ke neman izinin ganin hotuna da sunayen mutane. Na tambayi Inna ko ta taɓa ganin tocilar da ke tambayar sunan maƙwabta kafin ta haska. Karon farko ke nan da ta yi dariya. Na share su duka.

Makulli ne ya ba mu aiki. Na so in sa mata na zanen yatsa, amma yatsunta sun goge da aiki, ga lalle a kai, wayar ta ƙi gane su. Lambobi kuma ta ce za su ruɗe ta. Muka koma na jan layi a fuskar waya. Na juya baya na ce ta ja layin da ita kaɗai ta sani, ta ja sau biyu. Na ce kada ta nuna mini, kada ta nuna wa jikokinta. Na rufe saƙonni yadda ba za su bayyana a fuskar waya ba sai an buɗe, na koya mata share saƙo da zarar ta saurara ta amsa.

Bayan la'asar Inna ta aika aka kira Sani tare da baffansa. Suka zauna a zaure. Na nuna masa abin da na gani, na karanta lambar. Bai bari na ƙarasa ba ya ciro tasa wayar ya duba, ya ce ya san mai ita, abokin zamansa ne a bencin shagon. Sai ya tambayi baffan ko gobe za su iya zuwa Bungudu. Maganar mai lambar da mai shagon kuwa baffan ya ce a bar masa, zai kai ta gaban mai unguwa.

A gidan Inna na kwana. Muka ci tuwon dawa da miyar kuɓewa ɗanya a ƙarƙashin sabon ƙwai, maƙwabta biyu suka shigo kallon haske, ɗaya da wayarta a ƙugu. Inna ta ce duk macen da ke so ta kawo caji kyauta, amma ta zauna kusa da abinta har ya cika, ko a sa mata makulli tukuna. Kafin isha wasu ma suka zo, na sa wa wayoyi huɗu makulli.

Bungudu

Inna ta ce in bi Sani da baffansa. Maza za su tsaya a zaure, ni ce zan iya shiga ciki in faɗa wa Zulai abin da idona ya gani, in kuma kai mata ban-haƙurin Inna baki da baki. Da hantsi muka samu mota zuwa Tsafe, wata zuwa Gusau. Muka ratsa gari a keke zuwa inda ake lodin motocin hanyar Sakkwato. Daga nan zuwa Bungudu tafiyar ba ta kai a gaji ba. Sani bai ci komai a hanya ba, ko rake da baffansa ya miƙa masa bai karɓa ba.

Gidan yana can ɓangaren gulbi, inda masu lambu ke shirin aikin rani. Na hangi faranti babba a wata gona an haɗa shi da injin ban-ruwa, ba hayaƙi ba ƙara, ruwa na kwarara cikin kwamin shuka. Zuciyata ta so in tsaya in duba haɗin, amma ba shi ya kawo ni ba.

Zulai doguwa ce, mai magana a hankali. Ta saurare ni har ƙarshe tana tsince shinkafa a faifai. Ta ce ita ba ta taɓa zargin Inna ba, ta san ta tun tana amarya. Da mahaifinta ya aiko a kira ta zaure, ta ce in zo tare da ita.

Baffan ya yi doguwar magana ta ban-haƙuri, mahaifinta ya amsa da tasa. Sani ya ce ya yi kuskure. Sai aka juya gare ta.

"Ba don mutanen gari na bar gidanka ba," ta ce. "Su faɗi abin da sunka ga dama. Na tafi ne don ka yarda ni zan iya yi maka haka."

Sani ya ce gaskiya ta faɗa. Ta ce za ta koma, amma ba ranar ba, kuma da sharaɗi: likita ya ce akwai magani, don haka su koma asibitin tare, da rana tsaka, ba a ɓoye ba. Sani ya dubi baffansa, baffan ya dubi ƙasa. Sani ya ce ya yarda.

Aka kawo mana fura da nono mai sanyi daga wata rugar da ke bayan gari. Kafin in tashi Zulai ta ja ni ɗaki ta tambayi kuɗin faranti irin na Inna. Ta ce tana da akuya biyu, ɗaya za ta tafi. Na ce mata ina son rubuta wannan tafiya don wasu su ji. Ta ce in rubuta, in canja suna, ai muryarta ta riga ta yi yawo ba da izininta ba, gara wannan karon ya zama da izini. Sani ma da aka tambaye shi bai hana ba.

Gida

Na bar baffan da Sani a can, na hau motar ƙarshe da ta cika kafin la'asar sakaliya. Rana ba ta faɗi ba na shiga Gusau. Maigidana na jira a bakin titi da babur, ya ce ina kwalin, na ce yana kan rufin Inna yana aiki. Ina shiga gida waya ta yi ƙara. Inna ce, da layinta, tana cewa an zo kiranta gidan mai naƙuda, ba ta da lokacin surutu, ta dai kira ne ta ji na sauka lafiya.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Malam Bawa da sauran direbobin da ke bin hanyoyin nan kullum don mu samu zuwa inda za mu, da jami'in da ya bar wayata a hannuna, da mutanen gidan su Zulai da suka karɓi baƙuwa kamar 'yar gida.

Bayan mako biyu Zulai da Sani suka sauka a gidana kan hanyarsu ta asibiti. Da suka dawo na zuba musu abinci suka ci, muka yi hirar farashin taki da na faranti. Ban tambaye su abin da likita ya ce ba, su ma ba su faɗa ba.