Sumuntin da Na Shafa wa Cocin Kakana

Cocinmu ta ƙasa ce, ɗaki guda, a gefen wani ƙauye bayan Tsarnawa. Kakana ya gina ta. Ya tafi ci-rani kudu, ya dawo da littafin waƙoƙin Metodis da taurin kai, ya hau kwaɓa ƙasa shi da matarsa. Ba mu taɓa wuce gida huɗu ba. Da maza suka watse neman abinci, sai ya rage gwaggona, ƙanwar babana, da 'yan tsofaffi da jikoki.

Kowace bazara gwaggo ke tara mu yaɓe. A jiƙa ƙasa da ƙaiƙayi da kashin jaki, a tattake da ƙafa, a bar ta ta ruɓa, sannan a shafe bango da hannu. Na tsani aikin nan tun ina yaro. Shi ya sa da na samu koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Konni, na sayo sumunti a Malbaza, na shigo gari da shi a amalanke ina hura hanci.

Gwaggo ta dubi buhunan ta ce, "Ɗana, ginin ƙasa numfashi yake yi. In ka toshe shi, ta ciki zai ruɓe."

Na ce, "Gwaggo, an wuce wannan zamanin."

"To, malamin lakwal," in ji ta.

Na shafe bangon cocin da sumunti, damina biyu ina fankama. A ta uku ruwa ya shiga ta wata tsaga, ya rasa hanyar fita. Wata Talata da hantsi bangon gabas ya zube. Allah ya kiyaye, ba kowa a ciki. Sumuntin ya ɓare kamar ɓawon ƙwai, ƙasar da kakana ya kwaɓa ta koma kunu.

Faston da ke zuwa mana daga Konni ya ce a haƙura, mu riƙa shiga mota zuwa birni ran Lahadi. Na goyi bayansa, kuma wallahi kunya ce ta sa, ba na son ganin ɓarnata. Gwaggo ta ce, "Tsofaffin da ba su iya hawa mota fa, sun daina sujada ke nan? Ni ba inda za ni."

Bayan an cire amfanin gona na zo gida, na tarar da ita cikin kwaɓi har ƙwauri, mace mai ciwon gwiwa. Na tsaya da takalmina mai sheƙi ina jiran ta ce ai na gaya maka. Sai kawai ta matsa gefe ta bar mini wuri. Na cire takalmin na shiga.

Bara muka binne ta. Bana ni na jiƙa ƙasar, ni na bi gida-gida ina kiran mutane yaɓe. Ɗan yayata ya zo daga Legas, ya shafa bangon ya ce, "Kawu, ai da an sa mata sumunti."

Na ce masa ya cire takalmi.